Gurbin Augie

Kwana tara da binne Augie Ferrante aka kira abokinsa Wendell Prusak a waya. Ranar Talata ce da hantsi, cikin watan Oktoba na 1983. Wendell na tsugune a bayan gidansa da ke Van Nuys yana fama da bututun ban ruwa da ya toshe, sai matarsa Nadine ta leƙo ta tagar kicin.

"Sol ne. Ya ce ka bar duk abin da kake yi."

Sol Abramowitz shi ne dillalin da ke nemo masa aiki a kamfanonin fim shekara ashirin ke nan, kuma bai taɓa cewa a bar komai dominsa ba. Wendell ya goge hannu a wando ya shiga.

Shekararsa hamsin da takwas, talatin da ɗaya daga ciki a sana'ar wasan kwaikwayo ya yi su. Ba jarumi ba ne, bai kuma taɓa zama ba. Shi ne ɗan sandan da ke shigowa ya ce an tsinci gawa. Shi ne alƙalin da ke buga guduma, shi ne mai shagon giya da ke goge kofi a baya yayin da manya ke magana a gaba. Aikin kwana biyu, kwana uku, a sallame shi ya koma gida. Fim goma sha ɗaya ya fito a ciki, na talabijin kuwa tuni ya daina ƙirgawa. Da haka ya sayi gida ya aurar da 'ya'ya biyu, kuma ya daɗe da sa wa ransa cewa iyakar rabonsa ke nan.

"Kana zaune?" in ji Sol.

"A tsaye nake, duk laka. Wane alƙali ne ya kwanta ciwo?"

"Ba alƙali ba ne. Mutanen Shagon Dempsey ne suka kira."

Shagon Dempsey shiri ne na ban dariya da ake nunawa duk Laraba, labarin wani mai sayar da kusoshi da fenti, mai baki kamar reza da zuciya kamar auduga. Shekara shida Augie yana fitowa a matsayin Dempsey, har mutanen ƙasar suka manta sunansa na yanka. Ciwon zuciya ne ya kayar da shi a wurin ajiye motoci na kamfanin, da makullin mota a hannunsa.

"Shirin tunawa da shi za su yi? Ka ce musu zan zo, ba sai sun biya ba."

"Ka saurara, tsoho. Ba za su rufe shagon ba. Saura kashi goma sha uku a wannan zangon, kuma mutum casa'in ke ci a wurin. Dempsey suke so ka zama. Litinin za a fara."

Abin da ya fara tasowa a ƙirjin Wendell, kafin kunya, kafin komai, murna ce. Murna mai zafi irin ta yaron da aka kira sunansa a gaban aji. Ba ta wuce daƙiƙa biyu ba, amma ya ji ta sarai, kuma ya san ya ji ta.

"Wendell? Ka suma ne?"

"Me ya sa ni?"

"Saboda Augie ya cika musu kunne da kai. Kuma tsayinku ɗaya, ba sai an sake gyara fitilu ba. Kada ka tambaye ni wanne ya fi nauyi a wurinsu. Gobe da rana suke son amsa."

Ya aje wayar, ya zauna a kujerar kicin. Nadine ta ji rabin maganar, ta cike sauran da kanta. Ta zuba masa kofi, ta tura masa.

"Ka karɓa?"

"Ban ce komai ba."

"Kana so?"

"Mutumin ko ƙasa ba ta bushe a kansa ba, Nadine."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

Ya juya kofin a kan tebur bai sha ba. Shi da Augie 'yan unguwa ɗaya ne a Toledo, a masana'antar gilashi ɗaya iyayensu suka tsufa. Tare suka hau motar New York a 1952, tare suka kwana a ɗaki ɗaya mai gado ɗaya da tabarma, suna yin canji duk mako. Tare kuma suka dawo California da aka ce aiki ya koma talabijin. Augie na da murya da fara'a, in ya shiga ɗaki sai ɗakin ya zama nasa. Abu ɗaya ya gagare shi, hadda. Don haka duk Lahadi bayan coci Wendell zai tuƙa mota zuwa gidan Augie a Encino, su zauna ƙarƙashin bishiyar lemo da takardun wasan mako mai zuwa. Augie ya yi Dempsey, Wendell ya yi kowa da kowa, matar Dempsey, surukinsa, masu saye, har da kare in akwai kare. Shekara shida ba su tsallake Lahadi ba sai sau biyu.

"Za a ce faɗuwar wani tashin wani," in ji shi. "Za a ce dama jira nake."

"Wa zai ce?"

"Kowa. Ni ma zan ce."

"To in ka ƙi, wani za su ɗauko wanda bai taɓa shan ruwa da shi ba." Ta ɗauke kofin da bai taɓa ba. "Ni dai abu ɗaya na sani. Kada Connie ta ji wannan a jarida."

Da la'asar ya kama hanyar Encino. Sau biyu yana wuce ƙofar gidan yana zagayowa. A karo na uku ya ga labulen falo ya motsa, ya san an gan shi, dole ya tsaya.

Connie, matar marigayin, ta buɗe ƙofa sanye da tsohuwar rigar sanyin mijinta. Gidan na warin furannin ta'aziyya da suka fara ruɓewa. A kan teburin cin abinci kwanukan da maƙwabta suka kawo ne jere, yawancinsu ba a ko buɗe ba.

"Na zaci so kake man motar ya ƙare, yadda kake ta zagaye," ta ce. "Shigo. Ka ci wani abu, don Allah. Taliya ta kusa kore ni daga gidan."

Ya zauna a bakin kujera da hularsa a gwiwa. Ya shirya magana tun daga gida, ya maimaita ta a mota, amma da ya buɗe baki sai ta fito a karkace. Ya ambaci mutum casa'in, ya ambaci kashi goma sha uku, ya ce shi bai nema ba. Connie ta bar shi har ya ƙare.

"Bernice ta kira ni tun da safe," ta ce. Bernice Tull ita ce ke fitowa a matsayin Peg, matar Dempsey. "Tana kuka kamar ita ce aka bar wa takaba. Izini ka zo nema, ko sanar da ni ka zo yi?"

"Ban sani ba, Connie."

"Kana so?"

Tambayar da ya kauce wa a gida ce ta sake tare shi. Ya dubi hularsa.

"Da Sol ya faɗa min, na yi murna. Kafin in tuna komai, na yi murna. Tun safe abin ke cina."

Ya jira ta tashi ta nuna masa ƙofa.

"Shekara talatin kana riƙe masa takarda," ta ce a hankali. "Da ka ce min ba ka yi murna ba, da na san ƙarya kake. Amma kada ka ɗauka na ji daɗi. Ban ji ba. Ba zan ce ka yi ba, ba zan ce ka bari ba, ba nawa ba ne. Kallo dai ba zan yi ba."

"Na gane."

"Ba ka gane ba tukuna. Kai kaɗai ne a duniya ka iya muryarsa, na sha jin kana kwaikwayonsa a bayan gida yana dariya har yana tari. Idan na shiga kanti ko gidan wani na ji muryar mijina na fitowa daga bakinka a akwatin talabijin, Wendell, ni da kai mun gama."

Ya ce ya ji. Ta cika masa kwano biyu ya kai wa Nadine. Washegari da rana ya kira Sol ya ce ya karɓa, yana aje wayar ya shiga banɗaki ya yi amai.

Litinin da safe mai gadin kamfanin ya nemi sunansa a takarda har sau biyu kafin ya ɗaga masa sanda. An ba shi ɗakin shiryawar Augie. An cire sunan daga ƙofa, amma ramukan kusoshin na nan. Mai kula da tufafi ta kawo rigar aikin Dempsey, mai igiya a wuya da ƙugu, ta sa masa, ta tsuke bayan da allurai tana magana da su a baki.

"Inci huɗu zan rage. Ka ci abinci, Mista Prusak, ka rage min aiki."

Daga nan aka zauna karatun takardun wasa a dogon tebur. Gil Tabor, mai shirin kuma mai ba da umarni, ya gabatar da shi da kalmomi kaɗan, aka tafa a sanyaye. Bernice na kujerar da ke kusa da tasa. Ta ce masa barka da zuwa tana kallon takardarta. Ya yi karatunsa da muryarsa, siririya, busasshiya, irin ta mutumin da ya saba faɗin magana ɗaya ya fita. Marubuta shida na jingine da bango, aikinsu su yi dariya a inda suka sa abin dariya. Wendell yana jin kowane wurin da ya kamata a yi ba a yi ba.

Talata aka fara gwaji a cikin shagon da aka gina a ɗakin ɗauka, da kantocinsa da gwangwanayen fenti marasa komai a ciki. Nan wata matsala ta ɓullo.

"Tsaya," in ji Gil. "Wendell, bakinka na motsi."

"Bakina?"

"Duk lokacin da Bernice ke magana leɓenka na bin ta. Kyamara za ta gani. Addu'a kake yi?"

Ba addu'a ba ce. Sabon shekara shida ne. Da ya karɓi takarda, maganar kowa ce ke fara zama a kansa ba tare da ya so ba, ta Dempsey kuwa sai ya yi ta kokawa da ita, domin kunnensa na jiran wani ya faɗe ta. Da yamma Nadine ta riƙe masa takarda a falo, ya yi daidai. Da safe a gaban fitilu ta sake zamewa.

Laraba ya je shan ruwa a bayan katakon shagon, ya ji Gil na magana da wani mutumin gidan talabijin ta ɗaya gefen.

"Sanyi gare shi kamar ruwan randa," in ji mutumin. "Ka kira wancan ɗan wasan na Chicago?"

"Yana jira. Mu ga Juma'a tukuna."

Wendell ya tsaya da kofin takarda a hannu har suka tafi. Ranar ya kasa cin abincin rana. Ya zauna a mota da tagogi a rufe yana lissafin abin da za a ce. Wanda aka kora daga ƙaramin aiki ba wanda ke sani. Wanda aka kora daga rigar Augie Ferrante kuwa, har mai sayar da jarida a Toledo sai ya ji.

Alhamis Gil ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗarsa.

"Ina son abin da kake yi, da gaske. Amma mutanen nan Dempsey suka sani, mai tsawa. Ɗaga murya. An ce ka iya shi. Ba shi nake cewa ka zama ba, ka dai ba mu ƙanshinsa."

"Na yi wa wata alkawari, Gil."

"Ni ma na yi wa mutum casa'in. Gwada sau ɗaya, ba a ɗauka, ba mai ji sai mu."

Wendell ya tuna mutumin Chicago. Ya koma bayan ƙofar shagon, ya buɗe ƙirji, ya sauke haɓa, ya banko ƙofar.

"Peg, wa ya taɓa min kusoshi?"

Augie ne ya yi magana. Har 'yar karcewar da ke ƙarshen muryarsa ta fito. Masu fitilu da ke sama suka daina motsi. Wani marubuci ya fara dariya ya haɗiye ta. Bernice ta aje gwangwanin da ke hannunta a kan kantar shagon, ta juya, ta fice daga ɗakin.

Ya same ta a lungun da ke bayan ɗakin kwalliya tana ƙoƙarin kunna taba, ashana na karyewa a hannunta.

"Ka yi haƙuri, Bernice."

"Shekara shida ina auren mutumin nan duk mako," ta ce, har yanzu ba ta dube shi ba. "Na fi ganinsa a kan mijina na gida. In ka yi naka, ba na jin Dempsey. In ka yi nasa, fatalwa nake gani. Ban san wanne ya fi muni ba."

"To ya zan yi?"

"Ni ka tambaya? Gobe mutum ɗari uku za su faɗa maka."

Ya koma gida gaba damisa baya siyaki. Gil ya ce muryar ta yi, haka yake so gobe. Nadine ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce lafiya, ta dubi kwanon da ya ture ba ta ƙara tambaya ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Juma'a ƙarfe biyar aka buɗe wa 'yan kallo ƙofa, domin a gabansu ake ɗaukar shirin, dariyarsu ce ke shiga ciki. Yawancinsu tun watanni suka karɓi tikiti don su ga Augie. Wendell na zaune gaban madubi ana shafa masa hoda, yana jin hayaniyarsu ta bango kamar ruwan sama a kan kwano. Mai kwalliya ta goge masa gumi sau uku, a na huɗu ta ce, "Yallaɓai, ni fenti nake yi kai kana wankewa."

Kafin a fara, Gil ya fita gaban jama'a ya yi magana a kan marigayin, ya nemi a yi shiru na minti ɗaya. Daga inda Wendell ke tsaye bayan ƙofar katako, yana jin mata na jan hanci. Ya ce a ransa, an sa su kuka, yanzu kuma ni zan sa su dariya. Hannunsa na kan mariƙin ƙofa, ya jiƙe. Har aka kunna jar fitilar kyamara bai yanke da wace murya zai shiga ba.

Ya tura ƙofar. Duk mako a nan ake tafi, har sai Augie ya tsaya ya jira a gama. Yau wasu 'yan tsiraru suka fara, suka ga ba a bi su ba, suka bari.

"Peg, wa ya taɓa min kusoshi?"

Abin da ya fito ba nasa ba ne, ba na Augie ba, wani abu ne a tsakani, mai rawa.

"Gyara maka su na yi," in ji Bernice.

"Gyara? Shekara talatin ina hargitsa su yadda zan gane su."

Nan ne dariyar farko. Ba ta zo ba. Wani ya yi tari. Sai daga can sama wata dattijuwa ta yi magana, ba da ƙarfi ba, da maƙwabciyarta take yi, amma shirun ya kai maganar ko'ina.

"Ai ba shi ba ne."

Kan Wendell ya zama fayau. Ya san saura magana, ya san tasa ce, amma inda take babu komai. Yana ganin jar fitilar kyamara, yana ganin ƙeyar Bernice. Daƙiƙa uku, huɗu. Bakinsa ya buɗe da kansa, ya kamo abin da ya fi kusa, wato maganar Peg ta shafi na gaba.

"Zauna, tsohon banza, kafin ka faɗi a kan kayan mutane."

Yana faɗa ya san abin da ya yi. Ya jira Gil ya tsayar da ɗauka. Bernice ta juyo, ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun Litinin. Ta ga yadda igiyar rigarsa ke rawa. Sai ta ja wani akwatin kusoshi, ta zauna a kai daɓas, ta harɗe hannu, ta kumbura murya, ta ba shi maganar Dempsey.

"Ba zan zauna ba. Shagona ne."

Dariya ta fashe daga gefe ɗaya ta bi layi har sama. Ba duka ta wasan ba ce, rabinta ta mutanen da suka daɗe riƙe da numfashi ce. Gil ya tsayar da ɗauka, ya ce a koma daga farko. Kafin Wendell ya koma bayan ƙofa, Bernice ta kamo hannun rigarsa kamar tana gyara masa.

"Ka daina neman sa," ta ce ƙasa ƙasa. "Ba ya nan. Yi min magana kamar yadda kake wa matarka in ta taɓa maka kaya. Ni zan yi tsawar."

Ya sake shigowa. Ya tsaya gaban kantar, ya dubi kusoshin ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba ɓarnar gobara, sannan ya yi tambayar a hankali, da muryarsa ta gida. Bernice ta ɗaga tata. Da ya zo kan shekara talatin, aka yi dariya. Ba irin wadda Augie ke samu ba, rabinta ma da ƙyar, amma an yi. Haka suka ja har ƙarshe, sau huɗu ana tsayawa saboda shi. Ƙarfe takwas saura aka sallami jama'a.

Gil ya zo ɗakin shiryawa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ba abin da na ce ka yi ba ke nan."

"Na sani."

"Inda dariya ta yi ƙasa za mu ƙara ta na'ura." Ya sosa ƙeya. "Litinin ƙarfe goma. Kada ka makara."

Wannan bai kori fargabar ba, ya dai ɗaga mata rana. Duk Juma'a Wendell sai ya yi amai kafin a kunna fitila. Duk Alhamis da safe ana kawo adadin waɗanda suka kalli shirin jiya, kuma ya koyi karanta shi a fuskokin mutane tun daga wurin ajiye motoci. Makon farko jama'a sun kalla don su ga wanda aka sa. Daga nan adadin ya riƙa sauka kaɗan kaɗan. Wasiƙu suka zo buhu buhu. Wasu sun ce Allah ya saka masa, wasu sun ce ba shi da kunya. Nadine ta hana a kawo su gida. Marubutan suka fara rubuta Dempsey mai ƙunƙuni maimakon mai tsawa, kuma akwai kashi biyu ko uku a watan Fabrairu da shi kansa ya san sun yi kyau. Ba su isa ba. Aka kammala goma sha ukun, a watan Mayu gidan talabijin ya ce ba za a ci gaba ba. A wajen walimar rabuwa wani mai fitila ya riƙe hannunsa ya ce albarkacinsa 'yarsa ta gama shekarar makaranta. Wendell ya yi ta gyaɗa kai.

Duk tsawon watannin bai ji daga Connie ba, shi ma bai iya kira ba. Sai a watan Yuli ta bugo ta ce ta sayar da gidan, za ta koma Toledo wurin ƙanwarta, tana neman mai ɗaukar kwalaye. Ya je. Suka yini suna nannaɗe faranti da jarida, suna maganar zafi da tsadar masu motar kaya. Da zai tafi ta rako shi har mota.

"Bernice ta ce ka sha wuya."

"Na sha."

"To, ya isa haka." Ta buga rufin motar sau biyu da tafin hannu. "Ka gaida Nadine. In kun zo gida Toledo ku nemo ni."

Cikin watan Satumba Sol ya tura shi gwajin wani aiki a Burbank, likitan ƙauye, kwana uku. A dogon lungun jira ya tarar da mutum bakwai sa'o'insa zaune a kujerun roba, kowa da takarda biyu a hannu. Duk ya san su, shekara da shekaru suna haɗuwa a irin wannan lungu.

"A'a, ku matsa wa babban jarumi," in ji wani mai sanƙo da ake kira Dutch. "Yallaɓai, ɓatan hanya ka yi? Ina direbanka?"

"Ya tafi kai naka asibiti."

"Ka bar mana wannan, don Allah. Kai ka ci ka ƙoshi."

"Inci huɗu aka rage min a riga, Dutch. Wane ci?"

Aka yi dariya, aka matsa masa. Ya zauna ya buɗe takardun. Magana biyar ce kacal, ya haddace su tun a gida, amma tafin hannunsa ya fara jiƙewa. Ya goge a gwiwa, ya sake karantawa daga sama. Wata mata ta leƙo da allon rubutu a hannu, ta duba, ta kira sunansa. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya bi ta ciki.